Django ko Mutumin da Ba Shi da Suna: Da Wanne Za Ka Fara?

Wani ƙanina da ya taso a zamanin kallo a waya ya zauna majalisar dattawan unguwa, ya ji suna hirar finafinan kaboyi da suka kalla a silima suna samari. Da ya dawo gida sai ya tare ni da tambaya: da wanne zai fara? Abu biyu ya riƙe daga hirar. Na farko sunan Django. Na biyu "wannan mai bargo a kafaɗa da guntun sigari a baki", wato Clint Eastwood a cikin A Fistful of Dollars. Na ba shi amsa a tsaye, amma ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na sake zama na kalli biyun a jere. Sai dai ka sani tun yanzu, ba yadda za a yi in gwada su ban fallasa wasu sirrikan labarin ba.

Duka biyun ba Amurkawa suka yi su ba, duk da cewa labarin na kan iyakar Amurka da Meziko ne. 'Yan Italiya ne suka shirya su, suka ɗauke su a Roma da kuma ƙasar Sifen. Wannan ya sa masu sharhi a ƙasashen Turawa suka laƙaba wa irinsu sunan abincin Italiya don raini, wato kaboyin taliya. A bakinmu sunan ya ma fi zama, tunda taliya da Italiya harafi ɗaya ne ya raba su. Sergio Leone ya fitar da nasa a 1964, Sergio Corbucci ya biyo da Django a 1966. Kowannensu bai kai awa biyu ba: na Leone kimanin minti 100, Django kuwa minti 90 da 'yan kai.

Ƙashin labarin kusan ɗaya ne. Baƙo ya shigo wani mataccen gari, ya tarar da gungun miyagu biyu suna rigima a kansa, ya shiga tsakaninsu yana cin tudu biyu, asirinsa ya tonu, aka yi masa dukan kawo wuƙa, sannan ya dawo ya gama da wanda ya rage. Leone bai ƙirƙiri wannan ba. Daga fim ɗin Yojimbo na Akira Kurosawa, wanda ya fito a Japan a 1961, ya ɗauko shi kusan fitowa bayan fitowa, ya sauya takobi da bindiga, kuma bai nemi izini ba. Kamfanin Toho ya kai ƙara, aka sasanta a kan a ba su kashi 15 cikin 100 na kuɗin da fim ɗin ya samu a duniya, da haƙƙin nuna shi a Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan. Rigimar na cikin abin da ya sa bai isa silimomin Amurka ba sai a 1967. To idan ƙashin ɗaya ne, zaɓinka yana kan naman da kowa ya ɗora, kuma a nan ne suka rabu kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Dubi yadda kowannensu ya shigo. Mutumin Eastwood a kan alfadari ya iso garin San Miguel, rana tsaka, ƙasa a bushe, fararen gine-gine suna ƙyalli. Ya tsaya bakin rijiya yana shan ruwa, a gabansa wani ƙato ya kori ƙaramin yaro da harbi a ƙafa, ya lakaɗa wa uban yaron duka. Baƙon ya kalla, ya ci gaba da shan ruwansa. A tsohon kaboyin Amurka jarumi ba zai taɓa yin haka ba, da tuni ya tsoma baki. Wannan shirun nasa shi ne sabon abin da Leone ya kawo. Yana shiga gari yaran gidan Baxter, ɗaya daga cikin gungun miyagun biyu, suka yi ta harbi a ƙafafun alfadarinsa don su yi dariya. Ya wuce wurin tsohon mai ƙera akwatin gawa, ya ce a tanadi uku. Ya je ya nemi su ba alfadarinsa haƙuri, suka ƙi, ya zubar da huɗu cikin ƙiftawar ido, ya dawo ya gaya wa tsohon cewa ya yi kuskuren lissafi. Ba fushi ne ya sa ya kashe su ba. Talla yake yi wa ɗaya gungun, gidan Rojo, su ga hajarsa su saya.

Django kuwa ko doki ba shi da shi. Bayansa ake fara nuna maka, yana tafe a ƙasa da sirdi a kafaɗa, sanye da ragowar kayan sojan Arewa na yaƙin basasar Amurka, yana jan akwatin gawa da igiya a cikin taɓo. Sama a murtuke, waƙa na tashi, shi kuma yana ta ja. Kaboyi marar doki kamar maharbi ne marar kwari, kuma da ganinsa ka san wannan mutumin ya riga ya rasa wani abu kafin a kunna kyamara. A cikin hunturu aka ɗauki fim ɗin a filin Elios da ke kusa da Roma, kuma lakar da ta cika titin garin ta zama kamar ɗaya daga cikin 'yan wasan. Mata suna kokawa a cikinta, gawarwaki suna faɗawa cikinta, ba mai fita da tsabtataccen takalmi.

Akwai wani abu da ban lura da shi ba sai da na kalle su dare ɗaya. Duka finafinan suna da akwatin gawa, duka suna da bindiga mai jigida, amma an juya su. A wurin Leone, mai jigidar tana hannun mugu: Ramón Rojo ne ya ɓoye ta a cikin keken doki, ya karkashe ayarin sojojin Meziko a bakin kogi don ya kwashe zinariyarsu. Akwatin gawar kuma shi ne ya ceci jarumi, domin a cikinsa tsohon nan ya fitar da shi daga gari bayan an farfasa masa jiki. A wurin Corbucci, mai jigidar tana cikin akwatin, kuma jarumin ne mai ita. Lokacin da Manjo Jackson, babban mugun fim ɗin, ya shigo gari da mutanensa wajen arba'in, fuskokinsu a rufe da jajayen ƙyallaye, Django yana zaune shi kaɗai a bayan wani kututture a tsakiyar titi. Ya buɗe murfi, ya ɗago ta, ya share su kamar ana girbin gero. Ɗaya ya shiga akwatin mutuwa ya fito da rai, ɗayan ya buɗe shi ya fito da mutuwa. A ganina duk bambancin finafinan biyu yana ƙunshe a nan.

Mutumin Eastwood ɗan dabara ne kafin ya zama maharbi. Abin da ke riƙe ka a kujera shi ne kallon yadda yake tunani. Ya ɗauko gawar soja biyu ya jingina su da kabari kamar masu rai, ya sayar wa gidan Rojo labari, ya sayar wa gidan Baxter labarin nan dai, kowa ya biya shi, suka fita cikin dare suna harbin juna a kan matattu. Haka kuma a ƙarshe. Ya san Ramón yana alfahari da doguwar bindigarsa, ya san kullum zuciya yake nema, sai ya yanko farantin ƙarfe ya saka a ƙarƙashin bargonsa. Ramón ya yi ta harbi, shi yana faɗuwa yana tashi, yana ƙara tunzura shi ya nemi zuciya, har harsasai suka ƙare. Da girman kan Ramón ya kashe Ramón. Sau ɗaya tak ya yi abin da ba riba a ciki: ya kuɓutar da Marisol, matar da Ramón ya raba da mijinta da ɗanta, ya ba su kuɗi ya ce su tsallake iyaka. Da aka tambaye shi dalili, jimla ɗaya ya yi game da wata da ya taɓa sani wadda ba ta sami mai taimakonta ba. Iyakar abin da za ka sani game da tarihinsa ke nan. Ko sunan Joe tsohon mai akwati ne kawai ke kiransa da shi. Laƙabin Mutumin da Ba Shi da Suna kuwa masu tallar fim ɗin a Amurka ne, kamfanin United Artists, suka ƙirƙiro shi daga baya.

Django ba shi da wannan sanyin kan. Yana da suna, yana da ciwo, akwai kabarin wata mace a maƙabartar garin wadda Jackson ne sanadin mutuwarta. Kuma yana yin kuskure irin na mutane. Bayan ya taimaki Janar Hugo da 'yan tawayensa sun kwashe zinariya daga wani barikin sojan Meziko, Hugo ya yi ta jan ƙafa wurin ba shi kasonsa, sai ya zuba zinariyar duka a akwatin gawar ya gudu da ita cikin dare. María, matar da ya ceta daga bulala a farkon fim, ta roƙe shi ya rabu da dukiyar nan. Bai ji ba. A bakin gadar da suka fara haɗuwa akwatin ya suɓuce ya faɗa cikin taɓo mai haɗiye duk abin da ya taɓa shi, ya bi shi har ya kusa nutsewa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mutanen Hugo suka riske shi, suka harbi María, shi kuma ba su kashe shi ba, abin da suka yi ya fi kisa: suka daddatse hannayensa da gindin bindiga, suka bi ta kansu da dawakai.

Maharbi ba hannu. A haka ya je maƙabarta ya jira Jackson da mutum biyar. Da haƙora ya cire ƙarfen da ke kare kunamar libarbarsa, ya yi ta fama yana neman ya jingina ta a jikin gicciyen kabarin matar, tana zamewa yana sake ɗorawa, Jackson na tahowa yana harbin gicciyen yana yi masa ba'a da addu'a. Na kalli wannan wurin ba sau ɗaya ba, kuma har yanzu sai na ji yatsuna sun ƙage. Ba a ko'ina cikin fim ɗin Leone da na ji tsoron kada jarumi ya mutu, ko lokacin da yake rarrafe a ƙarƙashin gidaje fuska a kumbure. A nan kuwa na ji. Sunan ma ba a banza aka zaɓe shi ba: daga Django Reinhardt aka aro, shahararren makaɗin jita wanda gobara ta nakasa masa yatsu biyu amma ya ci gaba da kiɗa.

Kada wannan ya sa ka ɗauka Django ya fi ƙwarewar aiki. Bai fi ba. Leone ya fi iya kyamara nesa ba kusa ba. Allonsa mai faɗi ne, yana iya ajiye ƙugun mutum da bindigarsa a gaba, abokan faɗansa huɗu can a nesa, ka ga mai harbi da masu faɗuwa a hoto guda. Yana matso da kyamara har fuska ta cika allo, ka ga gumi da ƙuda da ƙiftawar ido. Ya san jira: yana ja maka rai minti biyu kafin harbin daƙiƙa biyu. Corbucci ba shi da wannan haƙurin. Allonsa ya fi ƙunci, aikinsa na gaggawa ne, tsakiyar fim ɗin daga harin bariki zuwa shagalin mashaya yana ɗan yin sanyi, kuma akwai wuraren da za ka ga ɗinkin a fili. Abin da yake da shi shi ne hotunan da ba sa fita daga kai: akwatin, jajayen fuskoki, hannaye a nannaɗe da tsumma.

Wajen mugu ma Leone ya yi sa'a. Gian Maria Volonté, wanda ya fito a Ramón, gogaggen ɗan wasan dandamali ne, idanunsa kaɗai sun isa su hana ka sakewa. Manjo Jackson na Eduardo Fajardo bai kai shi kwarjini ba, amma muguntarsa ta fi nauyi, domin tana da aƙida. Tsohon sojan Kudu ne mai ƙyamar 'yan Meziko. Yana sa a saki talakawansu ɗaya bayan ɗaya su ruga a fili, shi yana harbinsu daga baya don nishaɗi, kamar mai harbin kurciya. Rufaffun fuskokin yaransa kuwa ba mai ganinsu bai tuna da Ku Klux Klan, ƙungiyar masu ƙyamar baƙar fata a Amurka, ba. 'Yan Rojo da 'yan Baxter 'yan fasa-ƙwauri ne kawai, 'yan Rojo na giya, 'yan Baxter na bindigogi. Ba mamaki da Quentin Tarantino ya tashi yin fim a kan bauta a Amurka a 2012 ya aro sunan Django da waƙarsa, har ya gayyato Franco Nero, wanda ya fito a Django na asali, ya fito na ɗan lokaci.

Kiɗa kuwa ba gasa. Ennio Morricone, wanda suka yi firamare ɗaya da Leone, ba shi da kuɗin tara babbar ƙungiyar makaɗa, sai ya haɗa fito da karar bulala da ƙararrawa da jitar lantarki da muryoyin maza. Fiton na Alessandro Alessandroni ne. Ko ba ka taɓa kallon fim ɗin ba, kunnenka ya san wannan salon, domin shi ne ya zama sautin kaboyi a duniya. Luis Bacalov ya yi wa Django waƙa ɗaya mai ratsa jiki, wadda Rocky Roberts ya rera, sauran kiɗan kuwa yana aikinsa ne kawai ya wuce.

Wani abin da ya kamata ka sani kafin ka sauke ko wanne shi ne maganar murya. A Italiya ta wancan lokaci ba a ɗaukar sauti a wurin aiki. Kowane ɗan wasa yana magana da harshensa, Bajamushe da Jamusanci, ɗan Sifen da Sifaniyanci, daga baya a ɗora murya a ɗakin sauti. Duk wanda ya saba da fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ya san yadda muryar da aka ɗora ke iya gyara jarumi ko ta kashe shi. A na Leone, Eastwood da kansa ya ɗora muryarsa a kwafin Turanci, wannan 'yar ƙasa-ƙasar mai kama da raɗa, don haka na Turancin shi ne daidai. A Django kuwa wani ne daban ya yi wa Nero magana da Turanci, muryar ba ta da nauyin fuskar, kuma an sassauta kalaman a wurare, har da na maƙabarta. Nemi na Italiyanci mai rubutun fassara a ƙasa. Wanda ya kalli na Turanci ya ce fim ɗin bai burge shi ba, ban ga laifinsa ba.

Sai maganar da wa za ka kalla. Ko ɗaya ba na yara ba ne. A na Leone akwai dukan da aka yi wa jarumi, akwai kuma daren da 'yan Rojo suka cinna wa gidan Baxter wuta suka tsaya a ƙofa suna harbe duk wanda ya fito, har da uwar gidan, suna dariya. Amma Django ya wuce nan. Ana yi wa mace bulala tun a mintunan farko, yawancin zaman a gidan karuwai ake yinsa, kuma akwai wurin da mutanen Hugo suka yanke kunnen ɗan leƙen asirin Jackson suka tura masa a baki. Hukumar tace finafinai ta Birtaniya ta ƙi ba shi izini, bai sami takarda a can ba sai 1993. Idan a falo za ka kunna, mutane na shiga suna fita, ajiye Django.

Ka kuma yi hattara da suna. Da fim ɗin ya karɓu, 'yan kasuwa suka yi ta manna Django a kan finafinan da ba su da alaƙa da shi, sun haura 30. Na gaskiya shi ne na 1966, mai Franco Nero, wanda Corbucci ya ba da umarni. Ci gabansa na halak ɗaya ne, na 1987, kuma ba sai ka wahalar da kanka a kansa ba.

Abin yana ba ni sha'awa idan na tuna yadda aka fara. Kuɗin da aka kashe a fim ɗin Leone kimanin dala 200,000 ne, Eastwood ya karɓi dala 15,000, a lokacin ɗan wasan talabijin ne a shirin Rawhide. Don kada 'yan kallon Italiya su gane na gida ne, Leone ya sa wa kansa suna Bob Robertson, Morricone ya zama Dan Savio. Nero kuwa shekarunsa 24 kacal lokacin da Django ya fito, sai da aka yi masa kwalliyar da za ta ƙara masa shekaru. Kuma guguwar ba a Turai ta tsaya ba. A shekarar 1966 ɗin nan dai Moustapha Alassane ya yi nasa kaboyin a Nijar, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da huluna da bindigogi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauye. Ya ga abin da silima ke yi wa samarin zamaninsa, waɗanda su ne dattawan da ƙanina ya ji suna hira.

Ga abin da na koma na gaya masa. Fara da na Leone. Shi ne ya kafa dokokin: shirun, kallon ido, jiran, baƙon da ba ya aiki sai da lada. Django an yi shi ne don mutanen da suka riga suka san waɗannan dokoki, daɗinsa yana cikin ganin yadda ake karya su, a ƙwace wa jarumi doki, a ƙwace masa rana, a ƙarshe a ƙwace masa hannu. Wanda ya fara da shi zai ga taɓo da jini kawai. Idan kuwa ka riga ka kalli The Good, the Bad and the Ugly, wanda shi ma a 1966 ya fito, to ka san Leone a lokacin da hannunsa ya nuna, na 1964 zai yi maka kama da gwaji, sai ka wuce kai tsaye wurin Corbucci.

Ni dai da za a ce in ajiye ɗaya in bar ɗaya, Django zan ajiye, duk da na san Leone ya fi shi iya aiki. Mutumin Eastwood ya hau alfadarinsa ya bar San Miguel kamar yadda ya shigo, ka san gobe yana wani garin yana wani cinikin. Django ya bar libarbarsa a rataye jikin gicciyen, jini na bin ƙarfen, ya juya yana tangaɗi tsakanin kaburbura ba tare da akwatin ba.

Ƙanin nawa ya ce daren Juma'a zai kalli na farko, na biyun kuma sai Asabar bayan yara sun yi barci. Na tura masa na Italiyancin, na kuma ja masa kunne kada ya tsallake waƙar farko.